Kafin Ka Miƙa Fasfonka a Ƙofar Bariki

Ɗana, labari ya iso mini cewa zuciyarka ta karkata ga shiga rundunar baƙi ta Faransa, wadda samarinku ke kira Lejiyon, har ka fara fita gudu bayan sallar asuba. Ban ga laifinka ba. Saurayi mai lafiya da ya gama makaranta ya zauna babu aiki, ga uwa tana tsufa, ga ƙanne sun zuba masa ido, dole ya riƙa leƙa kowace ƙofa. Ni ban taɓa sa kaki ba. Amma na daɗe a Marseille ina 'yar sana'ata, ɗakina kuma ya zama masaukin yaranmu na Nijar da Chadi da Kamaru. Na raka da yawa tashar jirgin ƙasa ta Saint-Charles suka nufi Aubagne. Akasarinsu sun dawo mini da jaka a hannu kafin mako ya zagayo, ƙalilan ne suka dawo bayan watanni da farar hula a ka. Daga bakin waɗannan da waɗancan na tattara abin da zan gaya maka, domin hotunan da kuke kallo a waya na masu farar hula ne kaɗai.

Ka fara sanin abin da kake nema. Rundunar nan ba kamfanin gadi ba ce, reshe ce ta sojan ƙasa na Faransa, Sarki Louis-Philippe ya kafa ta a 1831. Cibiyarta ta daɗe a Sidi Bel Abbès ta Aljeriya, sai da Aljeriya ta samu 'yancin kai a 1962 aka kwaso ta zuwa Aubagne, garin da bai kai tafiyar rabin awa a jirgi daga Marseille ba. Yau mazaje ne wajen 9,000 daga ƙasashe sama da 140, manyan hafsoshinsu galibi Faransawa. Albashin sabon shiga bai yi nisa da mafi ƙarancin albashin Faransa ba, amma tun da ci da kwana da sutura duk a kansu suke, ga shi yuro ɗaya sefa 656 ne, in ka juya sai ka ga kuɗin ya doshi miliyan a wata. Na san wannan lissafin ne ke hana ka barci, kuma ba ƙarya ba ne. Sai dai ƙofar tana da ƙunci. Abin da aka saba faɗa shi ne, cikin mutum takwas da suka ƙwanƙwasa, ɗaya ake riƙewa.

Babu dillali a wannan harka, ka riƙe wannan da kyau. Ba a cika takarda ta intanet, ba a aiko wa kowa da gayyata, ba su ba da biza, ba su biyan kuɗin jirgi. Hanya ɗaya ce: ka isa Faransa da kanka, ka tsaya a ƙofar ɗaya daga cikin ofisoshinsu da fasfonka mai rai, shekarunka tsakanin 17 da rabi zuwa 39 da rabi. Manyan ƙofofin biyu ne, Fort de Nogent a gefen Paris da Aubagne kanta, sannan akwai ƙananan ofisoshi a birane irin su Lille da Strasbourg da Lyon da Bordeaux. A buɗe suke dare da rana, ranar aiki da ranar hutu, kuma ko dala ba a biya. Duk wanda ya zo maka a Yamai ko Damagaram ko Kano ya ce yana da kofur a ciki, ka ba shi kaza ya sa sunanka, ɓarawo ne, ko da da carbi a hannunsa. Wanda kuma ya ce ka bi ta Agadas da Libiya ka haye teku, in ka isa ai za su ɗauke ka, ka tambaye shi da wane fasfo za ka tsaya a ƙofar, in har teku ta bar ka ka isa.

Ranar da ka miƙa fasfo, daga nan ka daina mallakar lokacinka. Za a karɓi wayarka da kuɗinka da kayanka a rubuta a ajiye, a ba ka rigar motsa jiki irin ta kowa. Wani lokaci tun a bakin ƙofa sojan da ke gadi zai nuna maka sandar ƙarfe ya ce ka rataya ka ja jikinka, in ya ga babu alamar ƙarfi ya ce ka je ka shirya ka dawo. In an shigar da kai, magana da gida ta yanke. Ka gaya wa mahaifiyarka wannan tun kafin ka tashi. Na sha amsa wayar iyaye mata cikin dare suna kuka, ɗansu ya yi makonni ba a ji ɗuriyarsa ba, suna zaton ya mutu, alhali shirun nan alama ce ta cewa ba a koro shi ba tukuna.

Mutane suna zaton tantancewar gudu ce da tsalle daga safe zuwa dare. Ko kusa. Mafi yawanta jira ne da aikin hannu. Ana tashi tun duhu bai yaye ba, a gyara gado, a aske gemu, a ci abinci cikin gaggawa, sannan a tara ku a wani fili ku yi ta tsayuwa. In jiniya ta yi ƙara kowa ya sheƙa da gudu ya shiga layi, a kira sunaye: waɗannan wajen likita, waɗannan ɗakin jarrabawa, waɗannan kicin, waɗannan kuma su ɗauko kayansu, tasu ta ƙare. Haka za a yi ta yi mako biyu, uku, wani lokaci fiye. Wanda ba a kira ba za a kai shi wanke tukwane, goge daɓe, share makewayi, kwashe ganye.

A nan nake so ka tsaya ka saurare ni, don a nan na ga yaranmu sun fi faɗuwa ba tare da sun san an gwada su ba. Mu mun tashi a gidajen da namiji ba ya wanke kwanon da ya ci abinci a ciki. An ba yaro tsumma an ce ya goge makewayin da mutum ɗari suka shiga, sai ransa ya ɓaci, ya yi aikin da gefen hannu, fuska a murtuke. Kofur ɗin da ke tsaye can nesa kamar ba ruwansa yana gani, kuma za a tambaye shi. Wanda zai daka maka tsawa wataƙila ƙaninka ne a shekaru, wataƙila daga Nepal yake ko Brazil ko Madagaska, Faransancinsa ma bai kai naka ba. Ba zai gaishe ka ba, ba zai ce don Allah ba. In ka ɗaga ido ka harare shi, ka gama. In wani ɗan gabashin Turai ya ture ka a layin abinci ka ɗaga hannu, ku biyun za a sallama, ba a tambayar wa ya fara. In ka tsinci sabulun wani ka sa a aljihu, sata ce, kuma sata a wurinsu ba ta da ƙarama. Abin da suke nema su sani shi ne: wannan mutumin, in an gajiyar da shi, an hana shi barci, an wulaƙanta shi a gaban mutane, zai iya riƙe zuciyarsa ya gama aikin da aka sa shi? Don gobe bindiga mai harsashi za a ba shi, a kwantar da shi ɗaki ɗaya da mutanen da bai zaɓa ba. Ni a ganina wannan tambaya ce ta gaskiya, kuma kai ma ya kamata ka yi wa kanka ita tun kana gida. Ka san zuciyarka fiye da yadda na san ta.

Gwajin ƙarfi kansa bai da yawa. Akwai gudun kai-da-kawo tsakanin layi biyu masu tazarar mita 20, na'ura tana ƙara, kowane minti tana ƙara sauri, har mutum ya kasa cim ma layin. Akwai jan jiki a sandar ƙarfe, hannu a miƙe sosai kafin a ja, haɓa ta wuce sandar, ba lilo. Ana kuma so mutum ya iya iyo ko da mita 25 ne. Yaranmu masu buga ƙwallo ba su cika jin tsoron gudun ba, sandar ce ke ba su kunya, ruwa kuwa wanda ya tashi a tudu bai taɓa shiga abin da ya wuce gwiwarsa ba. Kada ka yi niyyar cika mafi ƙarancin abin da ake nema kawai, don a gefenka akwai tsofaffin sojojin wasu ƙasashe da za su ninka shi. Ka kuma sani cewa a gajiye za a gwada ka, cikin sanyin da ba ka saba ba. Iskar da ke kaɗawa a yankin Marseille da hunturu ta fi ƙarfin duk wani sanyin da ka sani a gida.

Sai likita. Zai duba ka kamar yadda mai sayen ragon layya ke buɗe baki ya ga haƙora, ya taɓa ƙafa, ya shafa baya, kuma haƙoran ne ma ke fara mayar da mutane: ruɓaɓɓen haƙori da ba a gyara ba ya isa a ce ka tafi. Za a auna tsawonka da nauyinka, mai ƙiba da wanda ya rame ƙwarai duk ba su wucewa. Za a gwada ido da kunne, a ɗebi jini da fitsari. Ciwon hanta, tarin fuka, ciwon suga, duk suna rufe ƙofa. Ciwon hanta nake so ka fi kula da shi, don ya yi yawa a ƙasashenmu, kuma mutum yana iya ɗauke da shi tun yana jariri bai taɓa jin ko ciwon kai ba. Na ga ƙato, ƙirji kamar bango, ya dawo ɗakina ya zauna ya kasa magana, a Aubagne ya fara jin cewa yana da shi, bayan an sayar da shanun gidansu an yi masa guzuri. Gwajin da zai gaya masa haka a asibitin garinsu bai kai kuɗin buhun gero ba. Haka ƙaba, haka tsohuwar karaya da maɗori ya ɗora ta kama a karkace, haka amosanin jini. Kowane tabo a jikinka za a tambaye ka asalinsa, har tsagar gado da shasshawar wanzami. Fitsari kuma ba ya rufa wa kowa asiri: mai shan wiwi ko tiramol kada ya wahalar da kansa.

Akwai jarrabawar kwamfuta, wadda da yawa ke rainawa. Ba ta buƙatar Faransanci, ba a kuma tambayar takardar makaranta, illa dai mutum ya iya karatu da rubutu a harshensa. Zane-zane ne da lambobi: wanne ne ke biye da wanne, in an juya wannan siffa yaya za ta koma, duk cikin ƙayyadadden lokaci. Masu ƙarfi da yawa a nan ake sallamarsu. Wanda hannunsa bai saba da kwamfuta ba, lokacin zai ƙare yana neman inda zai danna. Irin waɗannan tambayoyi suna nan birjik a waya kyauta, ka mayar da rabin lokacin da kake kallon faretin masu farar hula wajen yin su.

Amma ɗakin da ya fi kowanne nauyi shi ne na jami'an tsaron rundunar, waɗanda masu neman shiga ke kira Gestapo a tsakaninsu. Za a zaunar da kai a ce ka ba da labarin rayuwarka tun daga haihuwa: sunan uwa da uba, makarantun da ka yi da shekarunsu, sana'o'in da ka taɓa, ƙasashen da ka taka, yadda ka samu biza, wa ya biya maka jirgi, bashin da ake bin ka, ko ka taɓa kwana a hannun 'yan sanda, ko kana da mata da 'ya'ya. In harshe ya gagara za a kawo mai fassara daga cikinsu. Bayan kwana biyu wani dabam zai sake kiranka ya faro daga tsakiya, ya koma baya, ya yi kamar ya manta, ya sake tambaya. Yaran sun gaya mini har wayar da aka karɓa ana buɗewa, a duba hotuna da abin da mutum ya rubuta a Facebook. Kai da ka fito daga Sahel, ka sa ran tambayoyi a kan masu ɗauke da makamai a yankinku, da malaman da kake saurare, da 'yan'uwanka da ke Libiya. Kada ranka ya ɓaci, aikinsu ke nan.

Tsohon zancen nan cewa Lejiyon maɓoyar masu kisan kai ce, an daɗe da wuce shi. Wanda ya zubar da jini, ko ya yi fyaɗe, ko ya yi fataucin ƙwaya, ko 'yan sandan ƙasa da ƙasa ke nemansa, ba a ɗaukarsa. Ƙananan kurakuran ƙuruciya kuwa ana iya kawar da kai a kansu, in mutum ya faɗa da bakinsa. Abin da ba a yafewa shi ne ƙarya. Wani yaro da ya sauka wurina, babu abin da ya gagare shi a gudu da sanda da kwamfuta, amma ya ɓoye cewa ya taɓa aikin soja a ƙasarsu ya gudu. Yadda yake tsayuwa da yadda yake naɗe bargo suka sa aka yi ta juya masa tambaya, har shekara biyu suka ɓace a cikin labarinsa ya rasa inda zai sa su. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Mu kuma muna da wata matsala tamu: da yawanmu takardar haihuwarmu a kotu aka yanke ta bayan mun girma, an rubuta 1 ga Janairu, wani an rage masa shekaru don makaranta ko ƙwallo. In haka taka take, ka faɗi yadda aka yi. Sun ga irinta ba adadi. Abin da ba za su ɗauka ba shi ne ka ce ka gama firamare kana ɗan shekara shida.

Za kuma a tambaye ka, ba sau ɗaya ba, me ya kawo ka. Kada ka haddace jawabin ƙaunar Faransa, ba wanda zai yarda. Kada ka ce takarda kawai kake nema. Ka faɗi gaskiyarka a taƙaice: kana son aikin soja, gida babu hanya, kana son ka tsaya da ƙafarka. In kuwa ka duba zuciyarka ka tarar ba ka son aikin soja ko kaɗan, takardar ce kawai, to amsar da za ka ba kanka ta fi wadda za ka ba su muhimmanci, don shekara biyar ba kwana biyar ba ce.

A ƙarshe kwamitin hafsoshi ke zama a kan takardun kowa, a fito a kira sunaye. Ba a bayyana dalili. Wanda aka mayar za a ba shi takarda, ko dai ta ce ya iya dawowa bayan wasu watanni, ko ta ce har abada. Za a mayar masa da fasfonsa da kayansa da 'yan kuɗin kwanakin da ya yi, a buɗe masa ƙofa. Ɗana, wannan ƙofar ta fita ita ce ba wanda ke shirya mata, alhali bakwai cikin takwas ta nan suke bi. Bizar mako biyu ko wata ɗaya ta kusa ƙarewa, kuɗi sun ƙare, a gida an riga an gaya wa unguwa cewa wane ya zama sojan Faransa. Kunya ta hana shi komawa. Na ga 'ya'yan mutunci suna kwana a bakin tasha, suna gudun 'yan sanda, suna aikin gini da takardar wani, shekara ta bi shekara, uwa ta rasu ba su ga gawarta ba. Wannan ya fi ci mini rai fiye da duk abin da ake yi a cikin barikin. Saboda haka kada ka taka jirgi sai da tikitin dawowa a aljihu, kada a sayar da gona ko a ci bashi mai nauyi saboda tafiyar, kuma kada ka yi shela. In an mayar da kai ka dawo gida da kanka a sama, ba laifi ka yi ba.

In kuwa an kira sunanka cikin waɗanda suka wuce, za a aske kanka ƙwal, a ba ka kaki, kwantiragin shekara biyar ya hau kanka. Galibi za a ba ka wani suna da ba naka ba, a rubuta ka a matsayin gwauro ko da kana da mata da 'ya'ya. Sai ka yi aƙalla shekara guda kafin ka nemi a mayar maka da sunanka na gaskiya, kuma kafin nan fasfonka yana hannunsu: babu zuwa gida, babu ɗaura aure, ko rasuwa aka yi sai dai ka yi addu'a daga nesa. Kai ba ka yi aure ba tukuna, da sauƙi. Amma masu iyali da za su karanta wannan, su sani matar da aka bari tana da hakki, kuma ba daidai ba ne a tafi a bar ta da labarin wata uku alhali an san shekara za a yi ko fiye. Daga Aubagne za a kwashe ku zuwa Castelnaudary, horon wata huɗu. Watan farko a wata gona ake yinsa, nesa da gari, ga yunwa ga rashin barci ga koyon Faransanci dole, a ƙarshensa a yi tattakin wajen kilomita 50 da kaya a baya, sannan a sa maka farar hular. A lokacin tantancewa da farkon horo wanda ya ce ya fasa ana sallamarsa. In wannan lokaci ya wuce, tafiya ba izini tserewa ce daga aikin soja, kuma kotu ke jiran mai yin ta.

Ba zan ɓoye maka zancen addini ba. Sojan Faransa yana da limaman Musulunci tun 2005, akwai kuma abincin guzuri marar naman alade, Musulmi da yawa sun yi aikin sun fito da addininsu. Amma a lokacin tantancewa da horo ba wanda zai tsayar da aiki don azahar ta yi. Za ka riƙa haɗa salloli kana ramawa a gefen gado, wata rana ka ture nama ka ci burodi kawai. Azumi a cikin horon nan abu ne mai tsananin wuya. Giya tana cikin al'adarsu, kuma daren Kirsimeti kowa a bariki yake yinsa tare, babba da yaro. Waɗanda na ga sun tsira su ne waɗanda tun ranar farko suka ce ba su sha, cikin ladabi, ba wa'azi ba faɗa, suka kuma fi kowa aiki har aka daina yi musu tayi. Waɗanda suka ce bari su ɗan taɓa don kada a ware su, da yawansu ban ji daɗin yadda suka koma ba. Ka je wurin malamin da ka yarda da iliminsa ka tambaye shi hukuncin wannan aiki kafin ka yanke shawara, ka yi istihara, kuma kada ka tafi ba da yardar iyayenka ba.

Sannan ka tambayi kanka inda bakin bindigar zai duba. Soja ba ya zaɓen fagen fama. Za a iya kai ka dajin Guyane a Kudancin Amurka gadin tashar harba kumbo ta Kourou, ko Lebanon, ko gabashin Turai. Amma 'yan Lejiyon ne suka sauka da laima a Tumbutu a Janairun 2013, suna cikin rundunar Barkhane daga 2014 zuwa 2022, sun zauna a Madama, can arewacin Nijar kusa da iyakar Libiya. Yanzu sojan Faransa ya bar Nijar tun Disamban 2023, ya bar Chadi a Janairun 2025, ka kuma san da bakin da ake ambaton Faransa a fadar samarinku. Siyasa tana juyawa, kwantiragi ba ya juyawa. In wata rana aka sa ka a jirgi aka nufi ƙasar da ake kiran salla da harshen da kake ji, ba za a tambaye ka ra'ayinka ba. Kakanninmu sun riga mu sa kakin Turawa, na Nijar da Chadi a ƙarƙashin Faransa, na Najeriya da Gana har Bama a ƙarƙashin Ingila. A Thiaroye kusa da Dakar, ranar 1 ga Disamba 1944, sojan Faransa ya buɗe wuta a kan sojojin Afirka da suka dawo daga yaƙi suna neman hakkinsu. A 1959 aka daskarar da fanshon tsofaffin sojojin ƙasashenmu, aka yi shekaru kusan hamsin kafin a gyara. Yau ba haka ake yi ba, ɗan Lejiyon yana cin albashi da fansho irin na sojan Faransa, yana iya neman zama ɗan ƙasa bayan shekara uku in halinsa ya yi kyau, wata doka ta 1999 kuma ta ba wanda aka raunata a fagen fama damar samunta saboda jinin da ya zubar. Amma ka lura da abin da aka ɗora a ɗaya gefen sikelin. Na san wanda ya samu takardar ta wannan hanya, da sanda yake tafiya.

Duk da haka, in aka ce sai ka sa kakin wata ƙasa, gara wadda ke tsananta bincike kafin ta ɗauka. Rundunar da ta ɓata makonni tana duba haƙoranka da jininka da labarinka, ta kashe wata huɗu tana horar da kai, tana lissafin za ka yi mata shekaru. Akwai wata ƙofar da ta buɗe a 'yan shekarun nan, ita ce ta fi ba ni tsoro. Tun da yaƙin Rasha da Yukiren ya ɓarke a Fabrairun 2022 ake neman 'yan Afirka. A Maris na shekarar gwamnatocin Najeriya da Senegal suka fito fili suka ƙi yarda a ɗebi 'yan ƙasarsu zuwa rundunar sa-kai ta Yukiren. A ɗaya ɓangaren, a Nuwamban 2025 ministan harkokin wajen Yukiren ya ce 'yan Afirka sama da 1,400 daga ƙasashe 36 suna yaƙi a cikin sojan Rasha, a cikin Nuwamban dai kuma gwamnatin Afirka ta Kudu ta ce mutanenta 17 sun maƙale a yankin Donbas suna roƙon a dawo da su, bayan an ja su da alkawarin aiki mai tsoka. Da yawa da sunan gadi ko tuƙi ko aikin masana'anta aka ɗauke su. Dillali ya yi biza, ya biya jirgi, ba gwajin kirki, ba tambaya, sai takarda da harshen Rashanci a ce sa hannu nan, bayan 'yan makonni mutum ya tsinci kansa a rami jirage marasa matuƙa suna shawagi a kansa. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Wanda ya ɗauke ka aikin bindiga bai damu da lafiyar idonka ba, bai sa ran za ka daɗe ba ne.

Saboda haka ina roƙonka don girman Allah, in wani ya kawo maka irin wannan tayi, ko ɗan'uwa ne, ko a waya ne, kada ka ba shi fasfonka, kada ka sa hannu a takardar da ba ka iya karantawa ba. Ka kuma kai wannan magana fadarku, ka karanta wa abokanka ita, musamman waɗanda ka san sun riga sun fara tara kuɗin dillali.